Warshar gyaran babur ɗin ruwa a Ubhur: yadda take bin injin da ke yawan mutuwa

Duk mai leƙa shafin saye da sayarwa na Haraj ya san yadda tsofaffin baburan ruwa ke sauya hannu a Jidda. Sea-Doo na tsakanin 1995 da 2002, Yamaha WaveRunner mai injin 701 ko 760, jefi-jefi Kawasaki 750 ko 1100. Ba su da tsada, shi ya sa samarinmu na Jidda da masu saukowa daga Makka ranar Juma'a ke haɗa kuɗi su saya. Ƙorafin da ke biyo baya kuwa kusan ɗaya ne: a kan tirela bugu ɗaya yake tashi, ana sa shi a ruwa a ja totur sai ya shaƙe ya mutu, ko ya yi minti goma yana gudu lafiya sannan ya ɗauke a tsakiyar teku. A Ubhur, mashigar teku da ke arewacin Jidda, wannan ba abin wasa ba ne. Iskar arewa takan yi ƙarfi in rana ta karkata, babur ɗin da ya mutu a bakin mashiga kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya, iska ce ke tura shi kan duwatsun murjani.

Warshar da muke magana a kai tana Ubhur ta Arewa, a bayan layin gidajen hutu. Rumfa ce mai tsawo, da famfon ruwan daɗi a bakin ƙofa da tebur guda na ƙarfe da ba a ɗora komai a kai sai kafireto. Mu'allimin wurin, wato babban makaniken, Bahaushe ne, yana aiki da yaransa, kuma tsofaffin injuna masu bugu biyu su ne sana'arsa, wato irin waɗanda ke ƙona fetur tare da baƙin mai. Hukuncinmu a taƙaice shi ne: ga injin da ke mutuwa, wurin ya cancanci a kai masa aiki, domin yana bin ciwo daki-daki kuma ba ya sallamar babur sai an gwada shi a ruwa. Yana da nasa raunin, za mu zo kansa.

Kafin a taɓa sifana, tambaya ake yi. "Alhaji, a ina yake mutuwa?" Ana son a ji ko a silo ne, wato yana kunne ba a ja totur ba, ko lokacin da aka ja totur daga tsaye, ko bayan ya yi zafi, ko in ya mutu yana tashi nan take ko sai ya huce, ko jan cok yana taimaka masa, da kuma tsawon lokacin da fetur ɗin ya yi a tanki. Amsoshin nan su ne rabin aikin. Injin da jan cok ke farfaɗo da shi, mai ne bai ishe shi ba. Wanda ke ɗaukewa ɗif kamar an zare makulli, a nemi ciwonsa a wuta. Wanda ke yin rauni a hankali kafin ya mutu, mai ne ko iska ko zafi. Makanike da yawa ba sa tsayawa wannan tambayar, kai tsaye suke kwance kafireto, su fesa masa maganin wanki su mayar, bayan kwana biyu mai babur ya dawo da ƙorafinsa na jiya.

Gwajin farko shi ne matsin silinda, kuma sun yi daidai da suka sa shi a gaba. Ana cire fulogi duka, a maƙala hulunan wayoyin a inda wutar za ta sauka jikin inji, a buɗe totur gaba ɗaya, a buga da cikakken batir har allurar ma'auni ta daina hawa. Lafiyayyen Rotax, wato injin Sea-Doo, 717 ko 787 yana ba da matsin kusan psi 150, na 951 kuwa wajen 130. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne tazara tsakanin silindojin: in ta wuce kashi 10 cikin ɗari, akwai fistin ko ringin da ya fara ci. A nan mu'allimin yake tsayar da aiki ya kira mai babur, domin ɓata kuɗi ne a gyara kafireto a kan injin da ke buƙatar a buɗe kansa. Wannan gaskiyar da ake faɗa tun ranar farko tana cikin abin da ya fi burge mu a wurin.

Daga nan sai fulogi. Suna jera su a kan katako, na gaba da na baya, a nuna wa mai shi. Ruwan ƙasa mai haske alamar lafiya ce. Baƙi jiƙe, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Fari fat, ko mai ɗigo-ɗigon alminiyom a baki, shi ne abin tsoro: silindar tana ƙuna da ƙarancin fetur, zafi ya fara cin kan fistin. Yawancin Sea-Doo na wancan zamani NGK BR8ES suke sha, da tazarar baki milimita 0.5 zuwa 0.6, Yamaha 701 kuwa BR8HS, milimita 0.6 zuwa 0.7. Sukan kuma kwance hular fulogi su yanke kamar milimita 6 daga bakin wayar su sake murɗa ta, saboda gishiri yana cin zaren tagullar da ke ciki ya mai da shi kore, wuta ta riƙa zuwa tana yankewa. Aikin minti biyar ne, amma yana warkar da injuna da dama da ake zargin kwayil ɗinsu.

Inda warshar ta fi nuna gwaninta shi ne hanyar mai, kuma nan ne ciwon yawancin baburan nan yake. Sea-Doo na shekarun 1990 da farkon 2000 sun fito da tiyon fetur masu ruwan toka, an rubuta Tempo a jikinsu. Daga waje za ka gan su garau. Daga ciki ne suke narkewa, su haɗu da tagullar mahaɗai su fitar da wani abu kore mai yauƙi kamar miyar kuka. Wannan abin yana bin fetur ya toshe makunnin da ke zaɓar tanki ko ajiya, ya wuce ya cika wata 'yar rariya da ke ɓoye a cikin kafireton Mikuni, wadda ba ta kai kan ɗan yatsa girma ba. A tebur ɗin warshar ana ciro ta da ɗan tsinke a ɗora a kan farin ƙyalle. Sabuwa ana hango haske ta cikinta. Wadda ta fito daga irin wannan babur kuwa cike take taf, sai an matsa ta abin ya fito. Da rariya a wannan hali, fetur ɗin da ke wucewa ya isa silo a kan tirela, amma bai isa inji mai tura ruwa ba. Dalilin da ya sa babur ke yaudarar mai saye ke nan a tsakar gida.

Ƙa'idarsu ita ce ba sa wanke kafireto su mayar da shi kan tsofaffin tiyo. Ana sauya su duka, ɗaya bayan ɗaya don kada a rikita na zuwa da na komawa. Babur guda yana cin kusan mita 6 na tiyo mai faɗin milimita 6, wasu layukan 951 kuma milimita 8. Makunnin zaɓen mai ana sauya shi, ba a wanke shi, domin robar cikinsa in ta tsufa tana shan iska. Kofin tace ruwa da ke gaba ana zubar da abin cikinsa a duba zoben robarsa. In ya tsage ko an ɗaure shi a karkace, famfon mai zai riƙa jan iska maimakon fetur. Bayan an gama sai a toshe numfashin tanki a hura psi 5 a cikin layin gaba ɗaya, a jira minti 10. Allura ta sauka, akwai yoyo, ba a ci gaba sai an gano shi.

Numfashin tankin ma kansa suna duba shi. Akwai ɗan bawul da ke barin iska ta shiga tanki yayin da fetur ke raguwa. In gishiri ya liƙe shi, babur zai yi gudu na ɗan lokaci sannan ya mutu, in ka buɗe murfin tanki ka ji ya ja iska "fuu", ka rufe ya tashi kamar ba abin da ya faru. Mutane sun sayi kwayil da akwatin wuta saboda wannan ɗan abin.

Kafireton kuwa kwance shi ake yi gaba ɗaya. Kafin a cire sukurorin daidaita mai, ana murɗa kowanne ciki a hankali a ƙirga zagayensa a rubuta, don a san inda aka same shi, sannan a mayar da shi kan adadin da littafin kamfani ya faɗa wa wannan samfurin. Ana sauya fatun famfo, da 'yan robobin da ke hana mai komawa baya, da allura da mazauninta. Kayan Mikuni na asali kawai suke sawa, kuma muna goyon bayansu a kan haka ko da ya fi tsada: fatar kayan kwaikwayo tana da tauri, sifirin ɗinta kuma sau da yawa ba ƙarfinsa ɗaya da na asali ba. Shi ya sa suke mayar da tsohon sifirin in bai lalace ba. Akwai ƙananan ramuka a maƙogwaron kafireton da ke ba da mai tsakanin silo da rabin totur. Ana fesa maganin wanki ta ramin ƙaramin jet a ga ya fito da ƙarfi ta kowannensu. In ɗaya ya toshe, injin zai riƙa shaƙewa daidai lokacin da aka ja totur, ko da komai sabo ne. Daga ƙarshe ana gwada matsin da allura ke buɗewa da ɗan famfon hannu mai ma'auni. Lambar ta bambanta daga samfuri zuwa samfuri, amma a inji mai kafireto biyu dole su zo kusan daidai, kuma kafin ta buɗe dole ta riƙe iska ba tare da sauka ba. Warsha kaɗan ne a wannan yanki za ka ga suna yin wannan gwajin.

In matsi lafiya, mai lafiya, amma silo yana hawa da kansa ko fulogi ɗaya ya ci gaba da fari, sai a koma ga iskar sata. Sil ɗin karanshaf in ya tsufa, ko gasket ɗin gindin kafireto ya tsage, ko ɗan tiyon da ke kai bugun inji ga famfon mai ya fashe, iska tana shiga ba ta hanyarta ba. Ana toshe mashiga da mafitar injin a hura iska kaɗan a bi gaɓoɓin da ruwan sabulu. Irin wannan injin yana iya ɗaukar gudu da kansa a kan tirela har zare makulli bai kashe shi ba. Abin yi a lokacin shi ne a ja cok gaba ɗaya a shaƙe shi.

Wani gwaji mai sauƙi da suke yi a ruwa ya cancanci kowa ya sani. A ɗaga kujera a tuƙa babur ɗin a hankali kusa da gaɓa. In ya daina mutuwa da kujera a ɗage, salansa ce ke yoyo a ciki, injin yana shaƙar hayaƙinsa. Yawanci robar haɗin salansa ce ta ƙone sakamakon wani zafi da injin ya taɓa yi. A Yamaha GP1200R kuma akwai matatar hayaƙi a cikin salansa da kan farfashe ta toshe hanya, ƙarfi ya ragu, ƙararrawar zafi ta yi ta kuka.

Ɓangaren wuta suna yin abin da ya kamata, ba su wuce nan ba. Batir a zaune ya ba da volt 12.6, kada ya faɗi ƙasa da 10 lokacin bugawa, kuma in inji na gudu a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Na'urar daidaita caji in ta lalace a Sea-Doo, injin yakan ƙi wuce juyi kusan 3,500 a minti, yana tari kamar mai ne ya yanke. A zare jar wayarta a gwada, in ya saki to ita ce. Makullin DESS, wata hula da ake kifawa kan 'yar sanda a jikin babur, wanda Sea-Doo ya fara sawa a 1996, yana yin ƙara biyu gajeru in ya karɓa. In gishiri ya taru a cikin hular ko kan sandar, yana iya yankewa a kan igiyar ruwa, sai a wanke da ruwan sabulu, ba a shafa masa giris. A Yamaha makunnin kashewa da ke kan hannu ne ke yin irin wannan, ruwa ya shige shi ya riƙa kashe wuta da kansa. Gargaɗin da suke yi wa kowa gaskiya ne: kada a haɗa batir ɗin babur da na mota tana kunne, akwatin wutar ne zai ƙone, kuma samun na waɗannan samfuran yanzu wahala ne.

Ba sa mantawa da famfon tura ruwa. Leda ko igiya ko ɗan dutse a cikin farfela yana iya danne inji har ya mutu a silo. Ana haska tocila ta baya a duba tazarar farfela da zoben da take juyawa a ciki. A Sea-Doo in ta wuce milimita 1, zoben ya ƙare, injin zai yi ta kuka babur bai tafiya. Ana buɗe murfin bayan famfon a duba man giyar da ke ciki, 75W-90 ne. In ya koma fari ruwa ya shiga, boris ɗin na gab da kamawa. Bahar Maliya tana cikin tekuna mafiya gishiri a duniya, wajen giram 40 a kowace lita, don haka hanyoyin ruwan sanyaya inji ma ana bin su da iska a fitar da gishiri da yashi.

Sai gwajin ruwa, wanda shi ne dalilin da ya sa muke ba da shawarar wurin. Ana daidaita silo babur na cikin ruwa, domin nauyin famfo yana sauke shi sosai: Sea-Doo da ke yin juyi 1,500 a ruwa yakan yi kusan 3,000 a kan tirela, Yamaha 701 kuwa wajen 1,250 ake so a ruwa. Ana tuƙa shi har ya yi zafi sosai, a ja totur daga tsaye sau da yawa, a riƙe shi a rabi, a kashe a sake tayarwa, a fito a sake duba fulogi. Kwayil ɗin da ke yankewa in ya yi zafi ba ya bayyana sai a irin wannan gwajin.

Yanzu ga inda suka gaza. Na farko jinkiri. Kayan tsofaffin injunan nan ba kasafai ake samunsu a kanti ba, odarsu ake yi daga waje, kuma warshar ba ta ajiye ko da kayan kafireton da ta san kullum tana buƙata. Babur yana iya yin makonni yana jiran abin da bai cika tafin hannu ba. Na biyu, ba su da kwamfutar da ke haɗa sabon makullin DESS ko karanta injunan RFI da DI masu fesa mai, don haka mai irin waɗannan ya nemi wani wuri tun farko. Na uku, haɗin waya da salatif suke naɗe shi. A cikin babur ɗin da ke wanka da ruwan gishiri wannan ba ya daɗewa. Mai babur ya nace a yi masa dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Kuma ba sa rubuta lissafi sai an nema. A nema, a rabe kuɗin dubawa da na kaya da na hannu, a kuma karɓi tsofaffin kayan da aka cire.

Akwai shawara guda da suke yawan bayarwa wadda ba mu yarda da ita gaba ɗaya ba: cire famfon baƙin mai a koma haɗa shi da fetur a tanki. Hujjarsu ita ce in famfon ya tsaya inji ya tafi. Amma famfon kansa ba kasafai yake lalacewa ba. Abin da ke tsagewa shi ne siraran tiyo biyu da ke kai mai daga famfo zuwa inji, kuma sauya su da fitar da iskar layin aiki ne mai araha. A 717 da 787 ma akwai haƙoran da ke juya faifan shigar mai, waɗanda ke zaune cikin mai daga tankin baƙin mai. In aka cire tankin gaba ɗaya aka bar su a bushe, za su cinye kansu. Wanda ya zaɓi haɗawa duk da haka, ya bar manyan tiyo biyu da ke zuwa wajen haƙoran nan da mai a ciki, ya kuma riƙe awo: 40 da 1 shi ne mililita 500 a lita 20 na fetur, 50 da 1 kuma mililita 400. Nau'in man ma ba ɗaya ba ne. Yamaha TC-W3 yake so, Rotax kuwa API-TC, kuma gauraya iri biyu a tanki ɗaya na iya daskarewa ya toshe rariyar mai. A wannan kam warshar tana kula, tana wanke tankin in ba a san abin da tsohon mai shi ya zuba ba.

Lokacin miƙa babur suna nuna wa mai shi yadda ake wanke injin da ruwan daɗi bayan kowace fita, kuma jerin yana da muhimmanci: a tayar da inji tukuna sannan a buɗe famfo, a bar shi minti biyu zuwa uku, a rufe famfo tukuna, a ɗan ja totur ya fitar da sauran ruwa, sannan a kashe. In aka juya jerin, ruwa zai bi salansa ya shiga silinda. Suna kuma cewa a ɗaga kujera a shinshina kafin a tayar, domin a zafin Jidda tururin fetur yana taruwa a ciki, tartsatsi ɗaya ya isa. Fetur ɗin da ya yi watanni a tanki a zuƙe shi a zubar. Laimar gaɓar teku tana tara ruwa a tankin da aka bari rabi, ruwan kuma ƙasa yake kwanciya, daidai inda layin ajiya ke ja. Wanda zai fita gwaji da kansa ya sa rigar ceto, ya tafi da wani babur a gefe da igiyar ja, ya riƙe lambar Dakarun Tsaron Iyaka, 994.

Wanda babur ɗinsa ya kife ya sha ruwan teku, kada ya jira layi: a cire fulogi, a buga har ruwan ya fita, a fesa mai a silinda, a tayar da shi a ranar, domin boris ɗin karanshaf yana fara tsatsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Warshar tana karɓar irin wannan nan take. Sauran aiki kuwa gara a kai shi lokacin sanyi. Daga an shiga hutun makarantu ko an doshi Sallah, tireloli har bakin titi suke kaiwa.